Biyu Sau Uku, Uku Sau Biyu

Ranar Talata, tara ga wannan wata, ina tsaye gaban allo babban ɗanki ya bugo waya ya ce Allah ya yi miki rasuwa, Anti Nas. Na ajiye alli, na zauna a bencin ɗalibai. Wanda ya ba mu aronki ya karɓi abinsa.

Shekara goma sha ɗaya katanga ɗaya ce tsakaninmu. Kin bar aikin asibiti, amma marasa lafiya ba su bar ƙofar gidanki ba. Mai ƙuna, mai yaro da zazzaɓi, duk wurinki suke fara tsayawa, ki duba, ki yi faɗa, sannan ki kora su wurin likita.

Nawa labarin na ɓoye shi shekara shida saboda kunya, yau zan faɗa. Malamin lissafi ne ni. Kowace shekara nakan jera wa yara marafan kwalba a tire, layi biyu na uku-uku, in juya tiren su ga layi uku na bibbiyu, shidan dai tana nan. Ina ji da wannan darasi ƙwarai.

Da ciwon zuciya ya kama mahaifiyata, likita ya rubuta ƙwaya biyu sau uku a rana. Mu biyu ne kaɗai a gidan, idonta ya yi rauni, ni kuma da tsakar rana ina aji. Sai na yanke wa kaina hukunci: uku da safe, uku da yamma. Ai duk shida ce.

A rana ta huɗu, ke kika jiyo faɗuwarta ta bayan katanga. Kika same ta kwance a ƙofar kicin, jiri ya kayar da ita, kika kai ta asibiti. Likita ya ce da an ƙara kwana biyu a haka, da wani zancen ake yi. Da kika tambaye ni yadda nake ba ta maganin, na yi miki bayani har da yatsu.

Kika dube ni ta saman tabarau. "Malam, a allonka ne biyu sau uku da uku sau biyu suke uwa ɗaya uba ɗaya. Cikin tsohuwa ba allo ba ne. Miƙo mini makullin gidan."

Ba ki gaya wa yayyena ba, ba ki gaya mata ba. Tun daga ranar, kullum ƙarfe ɗaya kina gabanta da ƙwaya biyu da kofin ruwa. Ko da gwiwa ta matsa miki, da sanda kike zuwa. In na fara godiya sai ki ce in je in ji da yaran mutane. To, na gode, Anti. Yau ba ki da damar katse ni.

Allah ya jiƙanki, ya yafe kurakuranki, ya sa kowane taku da kika yi zuwa gidanmu ya zama haske a kabarinki. Ya ba 'ya'yanki da jikokinki haƙuri. Jiya na ce wa mahaifiyata ta zauna, zan isar musu da gaisuwarta. Ta lalubo mayafinta ta miƙe.

"Kauce," in ji ta. "Da ƙafata zan je."