Makon da Na Naɗa Muzuru Sarkin Yaƙi

Ko zan manta komai na zamana a Jidda, ba zan manta makon da na naɗa wa muzuru sarauta ba.

Lokacin ina tuƙa wani injiniya ɗan ƙasar Sin, mai son tarihi, wanda in cunkoso ya riƙe mu sai ya kama ba ni labari da Larabcinsa mai ɗingishi. Wata rana ya gaya min yadda sarakunansu na da suka sha fama da ƙabilun kan iyaka, makiyaya masu dawakai, waɗanda kan faɗa wa ƙauyuka su kwashe hatsi su ɓace. Da yaƙi ya gagara, sai sarki ya zaɓi mafi ƙarfi cikin shugabanninsu, ya ba shi sarauta da siliki da abinci, ya ce ya tsare iyaka daga 'yan'uwansa. Ni kuwa akwai ni da ɗaukar abu da zafi. Har muka isa wurin aiki ina jinjina kai.

A gidanmu na unguwar Nuzla mu ma muna da namu maharan, wato magunan unguwa. Matata, haifaffiyar Jidda, ta ɗauki alkawarin kilishin bikin ƙanwarta, dangi duk sun zuba ido su ga hannunta. A saman bene take shanya, ta nan kuma maguna ke haurowa. Na bugi ƙirji na ce ta bar min tsaro.

Akwai wani muzuru mai kunne ɗaya da rabi wanda duk magunan layin ke shakka. Na fara ajiye masa kawunan kifi a kan katanga. Cikin kwana uku ya fatattaki kowa. Don murna har jan ƙyalle na je ɗaura masa a wuya, ya yakushe ni, na ce ai haka jarumai suke.

"Ya sheikh, mage za ka ba gadin nama?" in ji matata. "Esh hada? Mene ne haka?"

"Siyasa ce, Hajiya. Da ita aka riƙe daula guda."

Ranar Juma'a ta shafa labu ta baza naman, ta ce in na dawo masallaci in zauna a kai, ita za ta leƙa wurin mai ɗinki. Na dawo, na ga sarkin yaƙina a kan katanga yana lumshe ido, hankalina ya kwanta, na tafi aski.

Da na hau benen bayan la'asar, na tarar da shi a tsakiyar tabarma, ga duk magunan da ya kora sun kewaye shi suna ci, kowa da yankinsa. Na ɗauki tsintsiya na yi kansa. Bai ko razana ba, gurnani kawai ya yi ya tako, sai ga ni a ƙasa ban san sanda na sauko ba.

Matata ba ta yi faɗa ba, kuka ta yi, kuma wannan ya fi yi min ciwo. Da ta share hawaye ta ce, "Halas, an gama. Yalla, maza ka je ka gaya wa Ummi da bakinka."

Haka na tsaya gaban surukata da mata cike da falo ina bayanin sarakunan Sin.

Ranar Lahadi na kai wa injiniya ƙara. Ya yi dariya har da tari. Ya ce ai wani janar ɗin kan iyaka da aka cika wa ciki haka, ƙaton gaske, shi ne ya juyo da rundunarsa kan fada, sai da sarki ya gudu ya bar birni.

"Me ya sa ba ka faɗa min ba?"

"Sadik, abokina, ai ba ka tambaya ba."

An yi biki babu kilishin matata, har yau kuma 'yan'uwanta Sarkin Sin suke kira na. Abin da na koya shi ne, in aka ba ka amanar abu, ka zauna a kai da kanka, kada ka ɗora ta a wuyan wanda yawunsa ke zuba a kan abin.