Ranar da Guntuwa Ta Ɗauko Ragon Baba

Ko da zan manta lambar wayata, ba zan manta safiyar da na ɗauko ragon sunan ɗana na fari a cikin motata ba. Shekaru sun ja, yaron har ya shiga firamare, amma duk ranar da rana ta gasa motar nan da kyau, wani ɗan wari yakan taso daga kujerar baya ya tuna mini da komai.

Bari in fara da motar. Ina da shagon maganin feshi da iri a Funtua. Shekarar da kasuwa ta yi kyau sai na sayo wata 'yar Kwatano, ja jawur, mai ƙofa biyu, gajera kamar an datse mata baya. Cikinta ya kusa taɓa ƙasa, salansarta kuwa in na taka totur sai karnukan unguwa sun amsa. Abokai suka raɗa mata Guntuwa, ni kuma na karɓa hannu bibbiyu. Ina sonta, ba na ɓoyewa. Kullum sai na goge ta kafin in karya kumallo. Na haddace duk wani rami da ke tsakanin Funtua da Malumfashi, kuma in na zo tudun rage gudu sai in karkace in haye shi a hankali kamar tsohuwa mai ciwon gwiwa, 'yan acaɓa suna wuce ni suna dariya. Amma da zarar kwalta ta miƙe, sai dai su ga jan abu ya ɓace musu.

Matsalar ita ce a ƙasarmu ba a tambayar gudun mota. Tambaya ɗaya ce tak: buhu nawa take ɗauka? Ranar da na kai ta ƙauyenmu a yankin Kafur don Baba ya sa albarka, ya zagaya ta yana dogara sanda, ya leƙa ciki, ya yi mini wannan tambayar.

Na ce, "Baba, ai wannan ba ta ɗaukar buhu."

Ya ce, "To me take ɗauka?"

Na ce ni take ɗauka.

Ya gyaɗa kai ya ce, "Allah ya tsare. Ranar da ta ɗauki wani abu mai amfani, ka zo ka gaya mini."

Dattawan da ke zaune a dakali suka yi dariya har da shiɗewa. Ni kuwa na ƙara ɗaure wa Guntuwa gindi: ba buhu, ba kaza, ba jarkar manja, ko rake ba a sha a cikinta.

Shi Baba a lokacin yana da nasa abin so. Tun da aka ɗaura mini aure ya ware wani ɗan rago fari, ya ce na sunan jikansa ne. Dusa, harawa, ruwan kanwa, duk da hannunsa yake ba shi. Da Babbar Sallah ta zo dillalai suka yi ta zarya, ya ce ba na sayarwa ba ne. Ragon ya zama ƙato, ƙahonsa ya murɗe, kuma ya raina kowa a gidan in ban da Baba. Allah bai nufa Baba ya ga jikan ba. Ya rasu da damina, matata tana da tsohon ciki. Da kaka ta kama sai ta haihu, namiji, a gidan iyayenta a Malumfashi kamar yadda aka saba a haihuwar fari, kuma can za a yi suna.

Na shirya komai. Na yi magana da wani mai a-kori-kura zai ɗauki ragon da sassafe, ni kuma na kwana a ƙauye don in raka shi a baya, in ajiye, in sulale, tunda uban ɗan fari ba ya tsayawa yana baza haƙora a gaban surukai. Muna idar da sallar asuba sai ga wayar mai a-kori-kurar: motar ta lalace da lodin masara, bakanike ma bai iso ba. Kaka ce, duk wata mota mai baya a ƙauyen tana gona. Ga gari yana wayewa, ga mutane can za su fara taruwa.

Na ce ko in saya wani ragon in na isa. Inna ta dube ni, kallon da tun ina yaro nake tsoro, ta ce, "Wannan ragon mahaifinka ya kiwata. In ba za ka iya kai shi ba, ni zan ja shi a ƙasa."

Nan Kawu ya shigo maganar. Ƙanin Inna ne, dillalin dabbobi, wanda ya yi shekaru yana cusa tumaki a but ɗin motocin haya ranar kasuwa. Ya sa na buɗe bayan Guntuwa, ya auna da ido ya ce ragon zai shiga. Muka shimfiɗa buhunan taki, muka kwantar da ragon, Kawu ya ɗaure masa ƙafafun gaba sako-sako. Na ce ya ƙara tamkewa. Ya ce, "Kai yaro, ragon suna ba a kai shi da tabon igiya. In an rufe but, ina za shi?"

Abin da Kawu bai sani ba, ni kuma da na sani tashin hankali ya mantar da ni, shi ne but ɗin Guntuwa ba akwati ba ne irin na motocin da ya saba. Ɗaki ɗaya ne da cikin motar. Wani ɗan murfi ne kawai mara nauyi ya raba su.

Kawu ya shiga gaba, muka kama hanya. Muna kan burji lafiya lau, don a hankali nake tafiya. Da muka hau kwalta sai na duba agogo, na sauya giya, na taka. Salansa ta yi gurnani. Sai na ji gum! Na duba madubi, na ga murfin nan yana tashi sama a kan ƙaho biyu, sannan ga fuskar ragon tana kallona ido cikin ido. Kafin in ce wani abu ya tsallako kujerar baya, ya sako kansa tsakanina da Kawu, ya saki wani kuka a kunnena.

Kawu ya ce, "Inna lillahi! Ta ina ya fito?"

Na ce, "Ta inda ka ce ba shi da wurin zuwa, Kawu!"

Na sha jin ana yabon burkin motar nan, amma ranar na gwada shi da gaske. Muka tsaya a gefen wata gonar dawa. Hular Kawu ta faɗa ƙarƙashin ƙafafuna, ragon kuma ya koma baya da ƙarfi, ya saki fitsari, ya biyo shi da kashi, ya juya ya sa wa kujera ƙaho. Ƙahon ya huda fatar, ya shige soso, ya sarƙe da ƙarfen ciki. Yana fizga, wuyansa yana murɗewa, numfashinsa ya fara fita da ƙyar.

Dariya ta ƙare. Kawu ya kwantar da kujerar gaba ya rarrafa ciki da babbar rigarsa, ya danne ragon, ya zaro wuƙa daga ƙugunsa ya miƙo mini. Ya ce, "Zaɓi ɗaya. Ko ka yanka kujerar nan, ko ƙahon ya karye, ko mu yanka shi nan bakin titi kafin ya zama mushe."

Gaskiya na ɗan tsaya. Kujerar nan ko takalmi ba na bari ya taɓa ta. Amma da na dubi ragon sai na ga guntuwar igiyar da ke wuyansa, wadda Baba ya tufka da hannunsa, har yanzu ƙullinsa ne a jiki. Na sa wuƙa na tsarge kujerar daga sama har ƙasa, na yaga soso da hannuna, muka zare ƙahon lafiya. Ban yi kuka a jana'izar Baba ba, don mutane sun yi yawa, amma a nan, gwiwata cikin kashin rago, hawaye suka zubo. Kawu ya yi kamar bai gani ba.

Haka muka ƙarasa, Kawu a baya ba hula, rungume da rago kamar mai rainon jariri, ni kuma ina tafiya a hankali har wani mai keke ya wuce mu. Maganar sulalewa kuwa babu ita, don salansa ta sanar da zuwanmu tun daga bakin layi. Duk dattawan da ke kan tabarma suka juyo. Na buɗe ƙofa, na kwantar da kujera, rago ya fara fitowa da soso a ƙahonsa, Kawu ya biyo shi.

Surukina, wanda tun ranar da ya fara ganin Guntuwa yake kiranta motar wasan yara, ya taso ya shafa bayan ragon, ya leƙa cikin motar, ya toshe hanci. Ya ce, "Ashe dai tana ɗaukar kaya." Sannan ya rage murya ya ce, "Na Malam mahaifinka ne, ko? Allah ya jiƙansa. Ka kyauta."

Aka yanka rago, liman ya raɗa wa yaro sunan Baba.

Da yamma na koma ƙauye, na wuce maƙabarta, na yi wa Baba addu'a. Ya ce in zo in gaya masa, to na zo, ko da yake na makara.

Guntuwa tana nan har yau. Mai ɗinkin kujera ya ce zai sauya fatar gaba ɗaya, na ce ya dai ɗinke, don haka tabon yana nan, yaron ma nan yake son zama yana cusa yatsa a ciki. Har yanzu ina goge ta da safe, har yanzu ina takawa in kwalta ta miƙe, sai dai yanzu takan ɗauki buhun masarar Inna, cikinta yana goga ƙasa, ni ina cije haƙora. Abin da na koya shi ne, duk abin da ka mallaka kana ta lallaɓa shi don kada ya yi tabo, bai gama zama naka ba sai ranar da ya yi wa naka amfani. Na kuma koyi cewa in dillali ya ce rago ba shi da wurin zuwa, ka ƙara masa igiya.