Saƙon Ruwan Farko Zuwa Gonar Kawu

Ƙanƙara

Ana sallame Asuba na nufi tasha. Ni malamin gona ne. A jakata akwai taswirar hasashen damina da masana suka fitar da kwamfuta, ja da kore da layuka kamar zanen atamfa. Aikina in mayar da ita maganar da manomi zai gane. Abin da ta nuna ya hana ni sukuni: za a yi ruwan farko, sannan a ɗauke na makonni. Duk wanda ya yi binne, wato ya rufe iri cikin busasshiyar ƙasa yana jiran sama, irinsa zai tsiro ya ƙone. Kawuna Malam Sule na Sabuwa ɗan binne ne, kuma irin da ya rage masa ke nan.

Sheme da Faskari

Mu huɗu aka cusa a gaban mota. Kafin Sheme na gaji da ƙirga shingaye. A Faskari na shimfiɗa taswirar gaban manoma ina ta zuba bayani. Wani dattijo ya katse ni.

"Malam, mu shuka ko mu dakata?"

"Ku dakata, Baba."

"To, ai da ka faɗi haka tun ɗazu."

Na naɗe takardata, na ci ƙosai a tsaye, na nemi motar Sabuwa.

Sabuwa

Hanyar ta kwance mini kowace gaɓa. Da la'asar na iske Kawu a zaure, muka gaisa.

"Kawu, bana kada ku yi binne. Ruwan farko ba zai ɗore ba."

Ya dubi tafin hannunsa.

"Shekaranjiya muka rufe shi duka."

"Haba Kawu, me ya sa ba ku jira ba?"

"Gonar tana bakin daji, ɗana. Mu yanzu ba ruwa muke jira ba. Ranar da aka ce mutanen daji sun matsa, ranar muke tahiya gona."

Taswirata ba ta da launin wannan.

Gida

Washegari na iso Ƙanƙara ƙafafu a kumbure. Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya, na gode wa direbobi da matar Kawu da ta yi mini tuwo. Ina cire takalmi hadari ya haɗo daga gabas, yayyafi ya sauko. Yara suka fito suna tsalle, matata tana kirana in zo in ga ruwa.

Ban fita ba.