Itacen Jego a Ƙofar Ƙanwata

A shekarar da yaƙi ya koro mutanen garin Madani suka kwararo mana nan Gadarif, babu gidan da bai yi baƙi ba a unguwarmu. Ƙanwata ta samu tata baƙuwar, wata matashiyar mace Bahaushiya wadda aka kashe mijinta a hanya. Ta iso da mayafi ɗaya da ciki ɗan wata biyar ko shida. Ƙanwata ta ba ta ɗakin can ƙurya, ta zauna takaba. Mai takaba da ciki kuwa ba ta fita sai ta haihu, don haka ko maƙwabta ba su san fuskarta ba. Ƙanwata ma ta rage fita saboda kada ta bar ta ita kaɗai da kuka.

Mijin ƙanwata mutum ne sananne. Shi ke magana a rediyo kan noman riɗi da dawa, ya kuma taɓa shugabantar manoman yankinmu, ya samu masoya ya samu maƙiya. A lokacin yana Saudiyya. Ya tafi neman magani, yaƙi ya ɓarke a nan yana can, ya wuce shekara bai dawo ba. Ya san akwai baƙuwa a gidansa, amma bai san da cikin ba, domin mu ba ma kai wa maza labarin cikin matar wani.

Da watan haihuwa ya kama, sai maganar itace ta taso. A al'adarmu da kakanninmu suka zo da ita daga yamma, miji ne ke tara itacen wankan jego tun kafin a haihu, manyan gumagumai da za su dafa ruwa safe da yamma har a yi arba'in. Wannan baiwar Allah ba miji, ba dangin miji. Ƙanwata ta ce ba za a haihu a gidanta a yi wanka da ruwan sanyi ba. Ta aika aka kawo itacen a karo, wato amalanke, jaki na ja, an ɗora sabon rabin duro a sama, an soka reshen darbejiya a gefe.

A lokacin kowa na sayen itace saboda gas ya yi wuya, amma ƙananan ɗauri ake saye. Duk Bahaushen da ya ga gumagumai da rabin duro da ganyen darbejiya, ya san abin da ake jira a gidan. Wani ya ɗauki hoton karon a tsaye a ƙofar gida, ya sa a waya.

Ni ban sani ba sai washegari da hantsi, da maƙwabciyata ta shigo ina shara, ta miƙo mini wayarta. Yaranmu na rubuta Hausa da baƙaƙen Larabci, irin wanda na koya a gaban mahaifina, saboda haka ban nemi wanda zai karanta mini ba. Na so a ce na nema. A ƙarƙashin hoton an rubuta: mai gida ya shekara a waje, gida ya yi albarka. Wani ya ce manomi ne na gaske, yana Jidda gonarsa na tsiro. Wata ta ce ai shi ya sa uwargida ta daina zuwa biki. Wani kuma ya ce ku jira, gobe za a ce muku cikin baƙuwa ne.

Na yi salati, na ɗauki mayafina.

Na tarar da ƙanwata a tsakar gida tana hura wuta, idonta ya yi ja, ban san ko hayaƙi ne ba. Ta ce, "Yaya, kin gani?"

Na ce na gani. "Mijinki ya kira ki?"

"Bai kira ni ba. Yayansa ya buga wa waya."

Daga ɗakin ƙurya na ji nishi. Na dube ta. Ta ce tun asuba naƙuda ta fara, an aika wa ungozoma.

Ba a daɗe ba aka yi sallama. Yayan mijin ne, dattijo mai shagon hatsi a kasuwa, mutum mai tsare sallah kuma mai saurin fushi. Ya zauna a ɗakin baƙi, ya ƙi shan shayin da aka kai masa. Ƙanwata ta tsaya bayan ƙofa, ni na zauna daga bakin ƙofar, tunda na girme shi.

Ya ce, "Hajiya, gara da kike nan. Ƙanena bai runtsa ba. Ya ce in zo in ga abin da ke gidansa."

Ƙanwata ta gaya masa gaskiya daga farko har ƙarshe, muryarta ba ta rawa. Ya saurara yana juya carbi.

Ya ce, "Haka aka rubuta a waya za ki ce."

"To me zan ce, Alhaji, in shi ne gaskiya?"

"A fito da ita in gan ta."

Na ce, "Alhaji, ji kanka. Mace mai takaba, tana kan gwiwa, za a fito maka da ita?"

Ya san ba daidai ba ne. Amma ya ce shi an ɗora masa amana, kuma in aka haihu bai ga komai ba, jariri dai jariri ne, ba a rubuta sunan uwa a goshinsa ba. A nan na gane inda muka tsaya. In yaron ya faɗo kafin wani daga dangin miji ya ga cikin a jikin mai shi, abin da zai rage shi ne a sa tsofaffi su duba jikin ƙanwata. Ita ma ta gane. Ta ce daga bayan ƙofa, a hankali, "Ranar da aka ce in buɗe jikina a duba, ranar zan bar gidan nan, ko ya sake ni ko bai sake ni ba."

Na ce masa, "Kira matarka. Ita mace ce, ta shiga."

Gidansu na can ƙetaren kasuwa. Ya kira, wayar ta ƙi shiga. Ya fita ƙofar gida yana ɗaga ta sama, ya sake kira, ta shiga. Matar ta ce tana tsakiyar toya kisra, wainar dawa irin ta nan. Na ji shi yana cewa, "Bar kisrar ta ƙone, ki hau raksha yanzu."

Na shiga ɗakin ƙurya. Ungozoma ta riga ta iso. Baƙuwar na riƙe da ƙafar gado, gumi ya jiƙa ta. Ashe ta ji duk abin da aka faɗa. Ta ce mini, "Inna, ku kama ni in fita ya gan ni. Saboda ni ne."

Na ce, "Zauna, 'yata. Ki yi abin da ke gabanki."

Ungozoma ta ce kai ya sauko. Ban taɓa roƙon Allah Ya jinkirta wa mace haihuwa ba, ranar ma ban roƙa ba, sai dai bakina ya kasa roƙon Ya gaggauta. Na riƙe kafaɗarta ina karanta abin da ya sawwaƙa, kunnena na waje. Raksha, keken haya mai ƙafa uku, ta wuce, ba ta tsaya ba. Wata ta wuce. Ƙanwata na shigowa da ruwa tana fita, ba ta duban kowa.

Can sai na ji takalmi a tsakar gida. Matar Alhaji ta ɗaga labule, garin dawa a hannunta har gwiwa, fuskarta a ɗaure kamar mai zuwa kama ɓarawo. Ta dubi mai naƙuda, ta dubi ƙanwata da ke tsaye da buta. Ta ce, "Innalillahi." Sai ta yar da mayafinta ta durƙusa ta riƙe ɗaya kafaɗar. A hannunta jaririyar ta faɗo, ana kiran azahar.

Ta fita wurin mijinta da jaririyar, ba ta ko wanke hannu ba. Daga ɗaki muna jin ta. "Ga abin da aka aiko ka gani. Mace ce. Tashi ka yi mata kiran sallah a kunne, ba ta da uba."

Ya yi.

Bayan ya idar da sallah ya kira ƙanensa, ya buɗe muryar wayar don mu ji. Mijin ya yi ta hamdala. Daga nan ya ce a ɗauki hoton mai jegon da jaririyar a sa a waya, mutane su gani, bakinsu ya mutu.

Ƙanwata ta ce, "Alhaji, gaya masa ba za a ɗauka ba. Ba ta tsira daga harsashi don ta zo ta wanke sunansa ba."

Mijin ya ce a ba ta wayar. Ta ce hannunta da aiki.

Alhaji ya dube ta, ya dubi wayar, ya ce wa ƙanen nasa, "Ni na gani, matata ta gani. Wanda ke da tambaya ya same ni a shago." Ya kashe.

Maganar ba ta mutu nan take ba. An ci gaba da rubuce-rubuce har bayan suna, wasu ma har yau sun fi son labarin farko. Auren dai yana nan, mijin ya dawo daga baya ya tarar da matarsa a ɗakinta. Amma a kwanakin jegon nan kullum yana kira, ita kuma tana barin wayar ta yi ta ƙara a kan taga. Na taɓa ce mata ta ɗauka, miji ne, Allah na son mai yafiya.

Ta ce, "Zan ɗauka, Yaya. Lambata na wurinsa ranar nan ma, amma ya tsallake ni ya kira yayansa. Bari ya ɗan jira."