Saniya Ɗaya da Na Mayar Garke

Kuskurena ƙarami ne, ko kuma haka na ɗauka a lokacin: na ga saniya ɗaya, na ce goma.

Shekarar da gero ya bushe tun bai kai gwiwa ba, rijiyoyin ƙauyenmu, can gefen Unguwar Lalle, suka koma gidan ƙadangaru. Ruwa sai a famfon inji, wanda kwamitin gari ya ɗauki mutum biyu su kula da shi. Ɗaya ɗan garinmu ne. Ɗayan wani Bafillace ne da muke kira Baffa. Fari ya cinye masa shanu, ya bar shi da saniya guda, ramammiya, wadda in iska ta taso sai ta nemi bango ta jingina.

Layin jarka kan kai har ƙofar masallaci. Ni kuwa shekarata sha huɗu, bakina ba ya hutu. In na fara labari, mata har mantawa suke da zafin rana.

Wata rana na ga Baffa ya tara ruwan da ke ɗiga ƙarƙashin famfo a tsohon kwano, yana ba saniyarsa. Ruwan da ƙasa za ta shanye ne a banza. Na dawo layi na ce, "Ku ƙara haƙuri, sai shanun Baffa sun ƙoshi, su goma ne." Aka yi dariya. Washegari suka zama talatin. Kafin Juma'a garke ne guda daga Nijar, har da bijimi mai ƙaho kamar reshen gawo, wanda ke shanye tanki da zuƙa ɗaya, ya yi gyatsa.

Sai ruwa ya fara ƙarewa tun kafin azahar. Ƙasa ce ta janye ruwanta, amma wa zai yi faɗa da ƙasa? Kwamiti ya sallami Baffa.

Bai yi shiru ba. Ya kai ƙara gaban mai gari, aka taru a ƙofar fada.

"Ranka shi daɗe," in ji Baffa, "abokin aikina kullum yana shayar da jakunansa biyu, har bulo ya buga da ruwan nan. Kowa ya sani, ba a ce masa kanzil ba. Ni kwano guda. In ba don ni Bafillace ne ba, a gaya mini laifina."

Shugaban kwamiti ya gyara zama. "Haba Baffa, mi ya kawo zancen ƙabila? Sahu ɗaya muke sallah da kai. Garke aka gani."

"Wa ya gani, Alhaji?"

Yatsu suka juyo kaina kamar an haɗa baki.

Mai gari ya ce, "Kai ɗan nan, matso. Shanu nawa ka gani?"

Baffa ya dube ni babu ko ɗar a fuskarsa. Shi ne ke ɗora mini jarka a kai kullum, yana ce mini sarkin surutu. Ya ce, "Faɗi abin da ka gani, ɗana."

Mahaifina na cikin 'yan kwamiti, yana zaune yana kallona. In na ce ɗaya, na zama maƙaryaci gaban gari, shi kuma ya sha kunya. Ga jama'a kuma sun riga sun fara murmushi, suna jiran abin da zai fito daga bakina.

Na ce, "Ranka shi daɗe, ban samu ƙirgawa ba. Ƙurarsu ta rufe mini ido."

Ban taɓa samun dariya irin ta ranar ba. Har dogarin mai gari sai da ya riƙe ciki. Baffa ya ɗauki sandarsa da malfarsa, ya yi sallama, ya tafi. Aka ce ƙararsa ba ta da tushe.

Kwana uku abin yana damuna. A na huɗu na gaya wa mahaifina gaskiya, na ce, "Baba, za ni wurin mai gari."

Ya ce, "Sai yanzu?"

Na tafi dai. Mai gari ya saurare ni, ya kira ni shashasha, sannan ya ce an riga an ba wani aikin, ba a tayar da shari'ar da ta kwanta. Wanda aka ba ɗan ƙanen shugaban kwamiti ne.

Ruwa ya ci gaba da ƙarewa kafin azahar, babu saniya ko ɗaya a wurin, jakunan nan biyu suna sha abinsu. Babu wanda ya ƙara tayar da zancen.

Baffa ya sayar da saniyar a kasuwar Bafarawa, ya hau babur ya bi ta Burkusuma ya shiga Nijar. Bai dawo ba, ban kuma samu na ba shi haƙuri ba.