Karatun Gaggawa Ya Ƙone Irin Albasar Mahaifina

Lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi, ni saurayi ne ɗan manomin albasa a Aliero, ina kwas ɗin malaman gona, don sabuwar jiha tana neman ma'aikata. Na riga na faɗi jarrabawa, an kuma gaya mini in na sake faɗuwa sai gida. Littattafan ga kauri ga Turanci, sai in wuni ban gama babi guda ba. Har abinci ya daina shiga.

Ana haka wani abokin karatuna, mutumin Jega, ya ce in daina bin kalma-kalma. Ya nuna mini yadda zan ɗora yatsa a tsakiyar shafi in ja shi ƙasa, in kama kanun magana da layin farko, sauran in bar ido ya share. Na rungumi dabarar hannu biyu. Da ƙyar na haye, na dawo gida ana ce mini malamin gona.

Da kaka ƙwari suka faɗa wa irin albasar mahaifina tun kafin dashe. Ya ce tunda Allah ya ba shi ɗa mai ilimi, ba ya tambayar kowa. Na tuna sunan maganin, na sayo a kasuwar Jega, na haɗa, na fesa da rana tsaka. Washegari ganyen ya kwanta kamar an watsa masa tafasasshen ruwa. Na koma na buɗe littafin, na bi shi a hankali. Ga gargaɗin nan a tsakiyar shafi: ƙaramin iri rabin awo ake yi masa, kuma ba a feshi cikin zafin rana.

Na hau babur na bi Alelu da Birnin Malam har Maiyama ina roƙon iri gona-gona, wani wurin da hawaye. Kowa ya riga ya dasa nasa. Abin da na samo bai rufe kusurwar fadamarmu ba. Mahaifina bai yi mini faɗa ba; ya dai ce in wanke hannu sosai kafin in ci tuwo, maganin guba ne. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

'Yan'uwana ɗalibai, ku yi saurin karatu in neman wurin magana kuke yi. Amma duk inda littafi ya zo kan awo ko gargaɗi, ku tsaya ku maimaita, domin abincin wani gida na iya rataye a kan layin nan.