Murar kaji ta raba ni da kiran salla

Baffana, ƙanen mahaifina ciki ɗaya, shi ya tsaya a gaban jama'a ya ce imanina da gyara, ya kuma hana ni kiran salla a masallacin unguwarmu a Yalwawa. Shi ne liman. Ni ne ladan tun gemuna bai fara furfura ba. Ba a biyana, ban kuma taɓa cewa a biya ni ba. A duk faɗin Dutse ba ni da abin da aka san ni da shi sai muryar nan, sai kuma kaji.

A kan kajin ma abin ya taso.

Mu asalinmu masu shanu ne. Da shanun suka ƙare a hannun mahaifina muka shigo gari, bokona kuma ya tsaya a ƙaramar sakandare. Amma wanda ya tashi cikin kiwo ba ya iya zama babu dabba, sai na kama kajin gidan gona a bayan gida. Baffa ma yana da su, nasa sun ninka nawa nesa ba kusa ba.

Akwai wani direba da ke bi ta Ringim zuwa Kano, shi ke kawo wa Baffa wani farin gari a leda, babu suna babu takarda. An ce ƙwayar maganin murar mutane ce aka daka. Da zarar sanyi ya shigo, Baffa zai raba wa masu kaji, kowa ya riƙa zuba cokali guda a ruwan shansu kullum, ko kaza na atishawa ko lafiyarta ƙalau. Duk unguwar haka muke yi. Kuma ya yi aiki, ba zan yi ƙarya ba. Shekarun farko ana ta asarar kaji a wasu unguwanni, namu suna ta ƙwai.

Sai shekarar da ya daina aiki. Na ƙara cokali, na sake ƙarawa, a banza. Fuskokinsu suka kumbura, jan naman nan na kansu ya koma baƙi-baƙi, da safe in buɗe ɗaki in tarar da su a kwance. Na je na kira likitar dabbobi. Ta zo da safar hannu da takunkumi a hanci, ta duba, sai idonta ya kai kan ledar.

"Malam, mene ne wannan?"

"Maganin mura."

"Na wa?"

"Na mutane. Amma kaji ma suna sha."

Ta dafe kai. Ta ce duk ranar da muka zuba, raunanan ƙwayoyin cutar ne ke mutuwa, masu taurin kai su rage, su ne kuma za su hayayyafa. "Shekara da shekaru kuna tace su da hannunku," in ji ta. "Kuma irin wannan murar takan tsallaka zuwa jikin mutum. Ranar da ta tsallaka, da me za a yi masa magani?"

Ban gane rabin abin da ta faɗa ba, amma wannan na gane shi sarai, don na san kaska. Ina yaro, in mahaifina ya wanke shanu da magani, kaska zubowa take yi ƙasa. Kafin shanun su ƙare, a wanke saniya da safe, da yamma kaskar na nan tana tsotso. Maganin bai sauya ba. Kaskar ce ba irin ta dā ba.

Aka kashe ragowar kajina aka binne a rami. Ina tsaye ina kallo.

Bayan la'asar muna zaune a bencin ƙofar masallaci, Baffa ya fito da leda zai raba. Na ce, "Baffa, a dakata da garin nan." Na faɗi abin da likitar ta ce, iya yadda bakina ya iya.

Akwai wani tsohon hedimasta a cikinmu, mai son a san ya yi karatu. Ya kwashe da dariya. "Ladan, ka san abin da kake faɗa kuwa? Ai wannan shi ne karatun masu cewa daga biri muka fito."

Wani ya ce, "Ashe biran da ke kan duwatsun can dangin ladan ne!"

Aka yi ta dariya. Baffa bai yi ba. Ya ce, "Halitta ba ta sauya kanta. Yadda Allah ya yi ta haka take. Cuta daga gare shi, waraka daga gare shi."

Na ce, "Haka ne, Baffa. To garin ledar fa, daga ina?"

Na san maganar ta yi kaushi. Haka bakina yake, ban iya shafa mai ba.

Abin da ban faɗa a bencin ba shi ne, kajin Baffa ma sun fara kwanciya. Kafin su mutu ake yanka su, a kai wa masu gashi a bakin titi. Tsoronsa kada likitar da ta shiga gidana ta leƙa nasa. Na sani, shi ma ya san na sani. Na rufe bakina don ƙanen ubana ne.

Da magariba na zo, na tarar da sabon kwaɗo a akwatin lasifika. Makullin yana hannun telan da ke gefen masallaci, ya kasa haɗa ido da ni. Da aka idar Baffa ya miƙe ya ce wanda ke ganin halitta na juya kanta ba tare da Mahalicci ba, ba zai kira Musulmi zuwa salla ba sai ya tuba. Bai ambaci sunana ba. Kowa ya juyo ya kalle ni.

Ban san biri ba. Ban taɓa karanta littafin kowane bature a kan asalin mutum ba, ba na kuma sha'awa. Annabi Adamu ne kakana, a kan haka zan mutu. Amma wa ya tsaya ya tambaye ni? Yaran unguwa suka sa mini suna kawun biri. A gidan suna wata ta tambayi matata ko har yanzu ina alwala. Wani mutumin da na yi wa ɗansa huɗuba a kunne ranar da aka haife shi, na tsaya kusa da shi a sahu, ya janye ƙafarsa. Na koma ina takawa har unguwar Takur don in yi salla inda ba a san ni ba. Da asuba kuma ina kwance ina jin telan nan yana yanka kalmomin kiran salla kamar yana yanka yadi, ni kuma maƙogwarona na ƙaiƙayi.

Hedimastan da ya kunna wutar, shi aka aiko da sulhu. Ya ce in miƙe bayan azahar in ce na tuba, a ba ni makulli. Matata ta ce, "Kalma biyu ce fa. Ka faɗa ka huta, mu ma mu huta." Kuma ina son lasifikar nan, Allah ya sani. Na yi ta juya maganar har na daina cin abinci sosai.

Da hantsi na je zauren Baffa. Na cire takalmi, na durƙusa, na gaishe shi yadda ake gaishe da uba. Ya ce, "Ka zo ke nan?"

Na ce, "Na zo, Baffa, amma ba da abin da kake jira ba. Kullum ina tuba ga Allah, zunubaina da yawa, amma wannan ba ya cikinsu. Ban ce cuta ta fi ƙarfin Ubangiji ba. Cewa na yi ta fi ƙarfin garinka. Wanda ya halicce ta shi ya ba ta hanyar kuɓuta, mu muka yi ta tura ta a kai da cokali. Ka san ba don biri ka cire ni ba. Jikokinka a cikin kajin nan suke wasa, matan gidanka ke fige su da hannu. In ɗaya ya kwanta aka kai shi asibiti magani ya ƙi ci, ba hedimasta za a tambaya ba. Ka riƙe makullinka, Allah ya gafarta malam. Amma na gama zuwa Takur. Masallacin nan da ni aka ɗora masa bulo. Daga yau a bayanka zan tsaya, sahun farko, kowace salla. Duk sanda ka idar ka juyo, ni za ka fara gani."